Ina Ya Kamata A Ɗaura Sensar Auna Mai A Jirgin Saman Ƙirar Gida?

A shekarar 2007 sunan Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya zaga duniya bayan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic. Har yau ana samun matasa masu irin wannan buri, musamman a makarantun fasaha irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda. Yawanci hankali yana kan fiffike da farfela. Ba a cika tunawa da ƙaramar na'urar da ke faɗa wa matuƙi yawan fetur ɗin da inji ke sha ba, alhali a sama babu gefen titin da za a faka idan mai ya ƙare.

Sensar tana da wata 'yar farfela a ciki wadda mai ke juyawa idan yana wucewa. Juyawar ce ke aika sigina, sai manhaja ta ƙirga ta mayar da ita lita a awa. Wadda masu haɗa jirage a Amurka suka fi sani, FT-60 ta kamfanin Electronics International, tana ba da sigina kusan 68,000 a kowane galan. Manhajar ba ta ganin mai, lissafi kawai take yi. Idan kumfa ce ta juya farfelar, za ta ƙirga ta a matsayin fetur.

Wannan ne ya sa wurin ɗaurawa ya fi tsadar na'urar muhimmanci. Wurin da ya fi sauƙin kai hannu shi ne tsakanin tanki da famfon mai, kuma shi ne mafi haɗari. A nan famfo zuƙo man yake yi, sensar kuma tana ɗan matse hanya, sai matsin ya ƙara faɗuwa. Fetur ɗin mota yana saurin zama tururi, ballantana a zafin Afrilu na Shinkafi ko Zurmi da ke haura digiri 40. Da zarar tururi ya cika tiyo, famfo ya daina kamo mai, inji ya mutu. Bayan famfo kuwa, kafin kafireto, man yana cikin matsi, ba ya saurin yin kumfa. Can ya dace ta zauna, kuma filta ta riga ta, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da farfelar.

Amma kada ta manne wa famfon. Famfo yana turo mai ne a bugu-bugu, farfelar ta riƙa rawa, lambobi su riƙa tsalle a allo. Ana barin miƙaƙƙen tiyo kafin bakin shigarta, ba tare da lanƙwasa mai kaifi ba. A nisanta ta da salansa, a lulluɓe ta da rigar kariya daga wuta, kuma a haɗa ta da tiyo mai laushi ta kowane gefe don girgizar inji kada ta cinye ta. Bakin fitarta ya ɗan ɗaga sama domin iska ta samu hanyar wucewa.

Inda lissafi ya fi rikicewa shi ne injin da ke mayar da rarar mai tanki, kamar injinan mota da yawa masu injekta da kuma Rotax 912. Sensa ɗaya a layin shiga za ta ƙirga har man da ya koma. Ko dai a ɗaura ta bayan mararrabar da mai ke komawa, ko a sa biyu, manhaja ta cire na dawowa daga na tafiya. Matsala ɗaya ce da ta manyan janaretocin dizal.

Sai batun YF-S201, wadda ake sayarwa da araha tare da Arduino. Ta ruwa ce, jikinta roba, kuma sai ruwa ya kai lita 1 a minti take fara karatu daidai. Injin da ke shan lita 18 a awa bai kai sulusin lita a minti ba. Ta yi kyau a tankin ruwan gida, ba a layin fetur ba.

Gwaji a ƙasa ake yin sa: a cika tanki, a kunna inji awa guda, a sake cikawa da ma'auni, a gyara lambar da ke cikin manhaja har lissafin biyu su daidaita. Janareta ko injin ban-ruwa sun isa koyon wannan. Tashi sama kuwa yana buƙatar izinin hukumar NCAA, kuma a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana haramcin shawagin jirage a sararin Zamfara saboda matsalar tsaro.