Aikin Makaranta Ma Bashi Ne

Wasu 'ya'yanmu masu karatun kafa sana'a a Jami'ar Fasaha ta Kumasi, wadda ta zama jami'a a 2016, da safe suna aji, da yamma suna tsaron shago a Kejetia. Wanda ya bar aiki ya taru masa, ƙarshenta ya faɗi jarrabawa, kuɗin makaranta ya bi ruwa.

Mu malamai shawararmu ita ce ɗalibi ya rubuta ranar miƙa kowane aiki kamar yadda yake rubuta bashi, ya ware awa biyu kullum bayan asuba. In malami ya maido masa tsarin kasuwancinsa, ya gyara ya sake kaiwa. Iyaye, mu ɗauke masu tsaron shago lokacin jarrabawa. Da yayyafi kogi kan cika.