Auna Ɗaukewar Wutar Lantarki a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Masana harkar lantarki suna auna ɗaukewar wuta da ma'auni biyu: yawan lokutan da wuta ta yanke wa mai amfani da ita a shekara, da jimillar sa'o'in da ya kwashe babu ita. A Nijeriya wannan awo ya sami nauyi daga 2020, lokacin da hukumar NERC mai sa ido kan lantarki ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon sa'o'in da ake ba su a rana, daga rukunin A mai aƙalla sa'a 20 zuwa rukunin E mai sa'a 4, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, abin da ya mai da ƙidayar sa'o'i batun kuɗi.

Arewacin Zamfara yana ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kuma yana can ƙarshen layi, domin wutar sai ta iso Gusau kafin a miƙa ta Ƙaura Namoda, balle Shinkafi da Zurmi. Duk matsalar da ta faru a sama tana saukowa kansa, kamar yadda aka gani a Oktoban 2024, sa'ad da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da lalacewar layin Ugwuaji zuwa Apir suka bar yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki. Irin wannan babbar ɗaukewa tana shiga rahoto cikin sauƙi.

Wadda ke kuɓuce wa ƙidaya ita ce ta ƙasan layi. Mitar da ke kan layin da ya fito daga tasha tana nuna cewa an saki wuta, amma ba ta san cewa iskar damina ta kayar da falwaya a hanya ba, ko an kwashe wayoyi, ko taransifomar unguwa ta ƙone. Kuma a hanyoyin da 'yan bindiga ke tarewa, gyaran da bai wuce yini ɗaya ba yakan jira watanni. Mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara a kasuwar Shinkafi sun san asararsu da litar man janareta, amma babu littafin hukuma da ke tattara ta. Hotunan tauraron ɗan'adam na hasken dare ma ba sa raba gardama, tunda ba sa bambanta hasken sola da na janareta da na kamfani.

Sakamakon shi ne garin da layinsa ya daɗe da mutuwa yakan fice daga lissafi gaba ɗaya, sai matsakaicin alƙaluman ya yi kyau alhali ba a gyara komai ba. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon sa ido kan wutarsu, kuma muddin Zamfara ba ta ƙidaya sa'o'i a bakin kowace taransifoma, har da matattu, alƙaluman da ake bugawa ba za su bayyana halin waɗannan garuruwa uku ba.