3.4 Taimakon Juna Tsakanin Masu Kai Ɗauki a Wurno da Rabah da Goronyo

Idan aka ce masu kai ɗauki, ana nufin mutanen da kan fara isa wurin da bala'i ya auku. A wannan yanki, galibi masunta ne da 'yan kwalekwale da 'yan agaji da 'yan sintiri, kafin jami'an hukumar NEMA su iso daga Sakkwato. Yankin ya ga masifu da dama: ambaliyar kogin Rima ta shekarar 2010, da harin Tabanni a ƙasar Rabah a 2018, da harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021.

Abin lura shi ne, gawar da mai kai ɗauki ke ɗauka sau da yawa ta wanda ya sani ce, wato maƙwabci ko ɗan'uwa. Wannan kan bar masa tabo a zuciya. Alamominsa sun haɗa da rashin barci da munanan mafarkai da firgita da saurin fushi da gudun wurin da abin ya faru. Sai dai al'adar Bahaushe ta ɗora wa namiji dauriya, don haka yakan yi shiru gudun kada a ce masa rago.

A nan ne amfanin abokin aiki yake. Wanda suka shiga ruwa tare shi zai fara gane cewa ɗan'uwansa ya daina zuwa majalisa, kuma shi ne ba za a ji kunyar buɗe wa ciki ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta taƙaita irin wannan taimako a matakai uku: dubawa da saurarawa da sadarwa. Ba a tilasta wa mutum ya maimaita abin da ya gani.

Amma taimakon aboki yana da iyaka. Idan alamomin suka wuce wata guda, ko mutum ya fara maganar kashe kansa, wajibi ne a sada shi da likita, kamar a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Ganin cewa mutane da yawa na ƙyamar zuwa can don gudun sunan hauka, rakiyar abokin aiki ita ke sauƙaƙa tafiyar.