Tsiro Mai Cin Ƙwari: Gaskiya Ne Ko Tatsuniya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomin kayan lambu, ya aiko da wasiƙa yana cewa ya ji labarin wai akwai tsiro mai cin ƙwari. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya ake renonsa, kuma zai iya raba shi da sayen maganin feshi?

AMSA: To malam, gaskiya ne. Irin waɗannan tsirrai suna da dama, amma mafi sauƙin reno ga ɗan koyo shi ne wanda masana ke kira Pinguicula, watau "mai maiƙo" da Latinanci, musamman wanda ke fitowa a duwatsun ƙasar Meziko. Tun a 1875 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya yi bayaninsa a littafi.

Ɗan tsiro ne da bai wuce tafin hannu ba, ganyensa shimfiɗe a ƙasa, da yauƙi a kansa kamar na kuɓewa. Da zarar ƙaramin ƙwaro ya sauka sai ya maƙale, ganyen ya fitar da wani ruwa ya narkar da shi, ya tsotse amfaninsa. Dalili kuwa, inda yake tsirowa ƙasar ba ta da ƙarfi, don haka ƙwarin su ne takinsa. Mutanen Norway da Sweden ma sun daɗe suna sa ganyen wani irinsa cikin madara ta yi kauri, kamar kindirmo.

Wajen reno, sai ka ajiye dabarun lambu gefe guda. Na farko, kada ka sa masa taki, na gargajiya ko na zamani, domin zai ƙone saiwar. A dasa shi a ƙaramar tukunya mai huji, cikin yashi wankakke da tsakuwa ƙanana. Na biyu, ruwan sama ya fi dacewa da shi, don ruwan rijiya mai kanwa kan yi masa lahani sannu a hankali. Na uku, yana son haske amma ba ya jure rana mai ƙuna. Tsiron kan tudu ne, saboda haka zai fi jin daɗin wuri mai sanyi kamar Jos ko Mambila bisa ga zafin bazarar Sakkwato. Na huɗu, lokacin sanyi ganyen kan ƙanƙance ya daina yauƙi. Ba mutuwa ya yi ba, hutawa yake yi. Sai a rage ruwa ƙwarai, in ba haka ba ya ruɓe. A wannan lokaci ne ake ciro ganye guda, a ɗora kan yashi mai laima, bayan 'yan makonni ya fitar da sabon tsiro.

Batun feshi kuwa, a'a. 'Yan mitsi-mitsin ƙwari kaɗai yake kamawa, ba ya iya fara ko tsutsar tumatir. Abin ado ne na cikin gida, mai fure ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi. Duk wanda ya tallata maka shi da sunan maganin gona, riƙe kuɗinka.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.