Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Abin Da Ke Hana Injin Espresso Kamawa

Injin gahawar espresso yana da hanyoyi da yawa na nuna ba shi da lafiya. Wani yoyo yake yi, wani ya riƙa gurnani ruwa bai fito ba, wani kuma ya ba ka gahawa salam ba zafi. Amma wanda ya fi karya wa mai shi gwiwa shi ne wanda za a danna makunni a ji tsit: fitila ba ta kama ba, famfo bai motsa ba. Nan take mutum kan yanke hukuncin cewa inji ya mutu, kuɗi sun bi ruwa. Masu gyara kuwa sun san cewa wannan shirun sau da yawa shi ne ciwon da ya fi arhar magani. Wuta ce ta kasa isa inda ake bukatarta, kuma galibi abin da ya tare ta wani ɗan ƙaramin abu ne da aka saka da gangan domin ya yanke ta kafin a yi gobara.

Abin da ke cikin akwatin

Asalin injin daga Italiya yake. A 1884 Angelo Moriondo ya yi rajistar wani injin dafa gahawa da tururi a birnin Turin, a 1901 kuma Luigi Bezzera na Milan ya yi rajistar nasa da ke zuba wa kowane mai saye kofinsa nan take. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya fito da inji mai hannu da ake ja a matse ruwa da ƙarfi, sannan a 1961 kamfanin Faema ya maye gurbin hannun da famfon lantarki a injinsa E61. Daga nan aka tsaya a kan ma'aunin da ake bi har yau: ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96, a tura shi cikin niƙaƙƙiyar gahawa da matsin ba 9, wato kusan ninki tara na matsin iskar da ke kewaye da mu. Injin ya shiga gidaje sosai da fitowar Baby Gaggia a 1977, sai Gaggia Classic a 1991.

Ɗora ruwa a wannan zafi cikin 'yan mintuna yana cin wuta. Yawancin injinan gida suna jan wat 1,000 zuwa 1,500, daidai da dutsen guga na lantarki. Ga ruwa, ga zafi, ga matsi, ga wuta mai yawa, duk a cikin akwatin ƙarfe guda da mutum ke taɓawa da jiƙaƙƙen hannu. Shi ya sa masu ƙera shi suka jera matakan kariya a kan hanyar wutar. Daga soket wuta na shiga filogi, ta bi waya, ta ratsa makunni da fis ɗin zafi da na'urar daidaita zafi, kafin ta isa hita. A jere suke, ɗaya bayan ɗaya. Duk inda hanyar ta yanke, abin da ke gaba da wurin ya tsaya. Saboda haka binciken ba ya bukatar duba ko kirdado. Hanyar ake bi daga bango zuwa ciki, a fara da abin da ba ya bukatar ko sukurdireba.

A fara daga bango

Mutane da yawa kan gwada soket da cajar waya, in ta kama su ce soket lafiya lau. Wannan gwajin yana yaudara. Cajar waya tana aiki da kowace irin wuta daga bolt 100 zuwa 240, kuma abin da take ja bai taka kara ya karya ba. Soket ɗin da wayarsa ta saki ko ya soma ƙonewa daga ciki zai iya cajin waya, amma ya kasa ɗaukar inji. A gwada shi da dutsen guga ko butar lantarki. Idan injin a kan wayar ƙari yake, irin mai soket da yawa, a cire shi a kai shi bango kai tsaye, domin yawancin masu arha siraran wayoyi ne a cikinsu.

Sai a leƙa akwatin bireka na gidan. Idan an tayar da bireka ta zauna, to madalla. Idan kuwa duk lokacin da aka kunna injin sai ta faɗi, a dakata nan. A gidajen da ke da bireka mai gano yoyon wuta, wadda ke yankewa da zarar miliamfiya 30 ta ɓace daga hanya, wannan alama ce cewa wuta na zurarewa zuwa jikin injin, galibi ta hitar da ta tsage ruwa ya shige ta. Ci gaba da gwadawa wasa da rai ne.

Na gaba shi ne filogi. Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda Ingila ta soma amfani da shi a 1947 kuma Nijeriya da Gana suka gada, yana da fis a cikinsa. Mai launin ƙasa-ƙasa amfiya 13 ne, ja kuwa amfiya 3. Injin wat 1,300 a kan bolt 230 yana jan kusan amfiya 6, don haka idan an taɓa canza masa filogi aka sa mai jan fis, ba zai daɗe ba zai ƙone. A Nijar da Kamaru da Cadi, inda filogi mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa ya fi yawa, babu fis a filogin, sai dai a wuce zuwa waya. A bi ta da hannu bayan an zare ta daga bango, a duba inda ta lanƙwashe ko ɓera ya ci. Wasu injinan wayarsu cirewa ake yi, irin ta kwamfutar tebur ce sak, ana iya aro wata a gwada.

Akwai kuma abubuwan da ba lalacewa ba ne sam. Injinan De'Longhi masu niƙa gahawa da kansu, irin su Magnifica, suna da babban makunni a baya, wanda mai shara kan iya dannawa ba da sani ba. Tun daga watan Janairun 2015 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa injinan gahawa na gida su kashe kansu, na espresso bayan minti 30 da aikin ƙarshe, saboda haka wanda ya mutu da kansa bayan rabin awa wannan dokar yake bi. Wasu kuma ba za su yi aiki ba sai tankin ruwa da farantin tarar ɗigo sun zauna daram, domin akwai ƙananan makunnai a bayansu.

Takardar da ke gindin inji

A kifa injin a karanta 'yar takardar da ke manne a ƙasansa. Wannan ya fi shafar wanda ya sayi na gwanjo ko aka kawo masa tsaraba. Amurka da Kanada wutarsu bolt 120 ce, Japan 100, Turai da Afirka ta Yamma kuwa 220 zuwa 240. Idan aka ninka ƙarfin wuta sau biyu, zafin da hita ke fitarwa yana ninkuwa kusan sau huɗu. Injin Amurka mai wat 1,200 da aka cusa a soket ɗin Kano zai yi ƙoƙarin jan fiye da wat 4,000. Cikin daƙiƙoƙi wani abu zai ƙone. Ɗan adaftan da ke canza siffar filogi ba ya rage wuta ko kaɗan. Abin da ake bukata shi ne taransifoma mai sauke wuta, wadda ƙarfinta ya zarce na injin sosai.

Ƙarancin wuta ma na hana shi tashi. Ƙaramin janareton da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki injin ba, haka ma ƙaramar inbata: da hita ta kama sai ta yi ƙara ta ɗauke. Idan wutar gari ta yi rauni har fanka na juyawa da ƙyar, inji mai allon lantarki zai iya ƙin kunnuwa, ko ya kama ya mutu. A jira wuta ta cika kafin a zargi injin.

Fis ɗin zafi, mai gadin tukunya

Idan duk wannan bai nuna komai ba, matsalar na ciki. A nan akwai sharuɗɗa: a zare filogi daga bango, a bar tukunyar ruwan injin ta huce sarai, kuma wanda injinsa ke da garanti ya mayar wa mai shago, domin buɗewa na ɓata garantin. Wanda bai saba da aikin wuta ba ya kai wa mai gyara. Sanin abin da za a duba zai taimake shi ya gane ko gaskiya ake faɗa masa.

Kayan aikin mita ce, wadda ke kuka idan hanya a haɗe take. Ana gwada waya daga ƙafar filogi zuwa cikin inji, sannan makunni, wanda tururi da yawan dannawa kan cinye ƙarfensa. Daga nan sai fis ɗin zafi, ɗan abu mai tsawon gaɓar yatsa da ke kwance a jikin tukunya cikin rigar roba. A cikinsa akwai wani sinadari da ke narkewa idan zafi ya kai wani mataki, ya yanke wuta har abada.

Gaggia Classic misali ne mai kyau na yadda aka jera kariyar. Na'urar daidaita zafin gahawa tana yanke hita a digiri 107, ta tururin madara a 145, fis ɗin zafi kuwa sai a 184. Ma'ana, galibi fis ba ya ƙonewa sai waɗancan sun gaza ko tukunya ta bushe. Idan ya ƙone, injin gaba ɗaya ke yin shiru. A Rancilio Silvia dabarar daban ce: akwai na'urar kariya mai ɗan jan maɓalli a jikin tukunya, wadda ake dannawa ta koma aiki, kuma alamarta ita ce fitila na ci amma ruwa ba ya zafi. Wannan bambanci yana da amfani ga kowane inji. Shiru ɗungurungum na nuna yankewa kusa da mashigar wuta. Fitila ba zafi na nuna yankewa a ɓangaren hita. Ita hitar, idan ta wat 1,300 ce a kan bolt 230, mita za ta nuna kusan om 40, kuma bai kamata a samu haɗi tsakaninta da jikin tukunya ba.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane muni. Mai gaggawa kan cire fis ɗin ya haɗa wurin da guntuwar waya, inji ya tashi, kowa ya yi murna. Abin da aka yi shi ne korar mai gadi don ya yi ihun ɓarawo. Ranar da zafi ya sake wuce iyaka babu mai tsayar da shi, roba za ta narke, wayoyi su kama. Fis ana maye shi da mai lamba ɗaya da shi, kuma matse shi ake yi da ƙarfen haɗi, domin zafin dalma kaɗai ya isa ya ƙona sabon.

Kafin a sa sabon ma sai an gano abin da ya kashe tsohon. Dalilai uku ne suka fi yawa. Na farko bushewar tukunya: injin mai tukunya ɗaya ba ya cika kansa, in aka yi tururin madara ba a sake tura ruwa ba, hita na gasa ƙarfe ne kawai. Haka in an ɗauke wuta aka manta makunni a kunne, aka dawo da ita ba kowa a gida. Na biyu na'urar daidaita zafi da ta manne ta daina yankewa. Na uku farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar shayi, wanda ruwa mai zartsi, kamar na wasu rijiyoyin burtsatse, ke haifarwa. Yana lulluɓe hita, ya hana zafi shiga ruwa, hitar ta riƙa cin kanta. Maganinsa wanke cikin injin lokaci-lokaci da ruwan wankin da kamfanin ya amince da shi, da amfani da tataccen ruwa.

Injinan zamani irin na Breville, wanda ake sayarwa da sunan Sage a Turai, suna da allon lantarki da ke sarrafa komai. Abokan gabansa su ne wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa, tururin da ke sulalowa daga robar da ta tsufa, da kyankyasai masu son ɗumi. Baƙin tabo, ƙauri, ko kumburarren kafasito su ne shaida. Wannan aikin gwani ne, domin kafasito na iya riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Gyara ko jefarwa

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki. A Turai, inda ladan mai gyara kan kusan kai kuɗin sabon kaya, Martine Postma ta buɗe Repair Café na farko a Amstadam a 2009, wurin da 'yan sa kai ke gyara wa jama'a kaya, kuma injinan gahawa na cikin abubuwan da aka fi kai musu. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara. A ƙasar Hausa masu gyara ba su yi ƙaranci ba, abin da ke wuya shi ne samun kayan gyara na asali, kuma rashinsu ne ke jawo dabarar guntuwar waya.

Don haka mai shirin saye ya karanta takardar gindi tun a shago, ya fifita injin da ake samun fis da hita da robobinsa. Wanda nasa ya riga ya tsaya kuwa, in ya kai wa mai gyara, ya yi masa tambaya biyu: "Malam, me ya ƙone? Kuma me ya ƙona shi?" Ya kuma nemi a ba shi tsohon fis ɗin a hannu, ya ga sabon da aka sa. Mai gyaran da ya amsa ta farko ya kasa ta biyu bai gama aikinsa ba, kuma ba da jimawa ba injin zai koma shagonsa.