Sabon Nau'in Cuta Ba a Ofis Ake Ƙirƙiro Shi Ba

Har yau a majalisun Gombe, daga Jekadafari zuwa Tashar Dukku, da an ambaci korona sai wani ya ce: "Ai da kuɗin sun ƙare sai su raɗa sabon suna, yau Delta, gobe Omicron." Wannan magana ta ishe ni. Ko an ci kuɗin korona, wannan tambaya ce da za a yi wa masu mulki. Amma nau'in cuta karanto shi ake yi daga jikin ƙwayar kanta.

Ƙwayar korona tana ɗauke da rubutun halittarta, haruffa kusan 30,000. Duk sanda ta hayayyafa sai ta kwafi rubutun, wani lokaci ta kuskure harafi guda. Kamar littafin da ake kwafa da hannu ne, wanda ya kwafa daga mai kuskure zai gaji kuskuren, ya ƙara nasa. Da haka masana ke gane wace ta haifi wace, da hanyar da ta biyo.

Masu cewa aikin Turawa ne, su ji. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da cutar a jikin wani ɗan Italiya a Legas. Cikin 'yan kwanaki Farfesa Christian Happi da abokan aikinsa a Jami'ar Redeemer's da ke Ede suka karance ƙwayar, karo na farko a Afirka. Omicron kuwa masanan Botswana da Afirka ta Kudu ne suka gano shi a Nuwamba 2021, tukuicinsu shi ne aka rufe wa ƙasashensu hanyar jirage, Birtaniya ta haɗa har da Najeriya a Disamba. Haba jama'a, wa zai ƙirƙiro abin da zai jawo masa wannan asara?

Ga maƙwabciyarmu Borno. A Agusta 2016 shan inna ya sake ɓulla can, da aka karanta ƙwayar sai aka ga jikar wadda aka gani a 2011 ce. Shekara 5 ke nan tana yawo ba wanda ya sani.

Gombe mahaɗa ce, motocin Bauchi, Yola, Biu da Kano duk ta nan suke bi, cuta ma haka. Idan ma'aikacin lafiya ya nemi ɗaukar majina ko jini, a bar shi, samfurin da ba a ɗauka ba ba a karanta shi. In ya tambayi inda ka je, faɗi garin, da ranar, da motar da ka shiga, kada ka ce daga gona kake alhali daga Kano ka sauka. Kada a sauya suna ko lambar waya. Yaro kuwa in ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar, a kuma ba da bayan gidansa har sau biyun da za a nema.