Kirsimeti a Illela, Ƙonni da Habasha

Ba rana ɗaya dukan masu bi suke bikin Kirsimeti ba. Mu a Illela da maƙwabtanmu na Birnin Ƙonni ran 25 ga Disamba muke yi. Can Nijar Nowel suke ce masa, kuma ranar hutu ce ga kowa, ko da yake Kirista kaɗan ne.

A Habasha da Masar kuwa sai 7 ga Janairu, domin tsohuwar kalandarsu suke bi. Kafin ranar sukan yi azumin kwana 43, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Mu kuwa tun farkon wata hankalinmu yana kan shinkafa da sabon ɗinki!

Bana in kun aika wa maƙwabta Musulmi abinci kamar kullum, ku ware kwanon gwauraye da marayun ikkilisiyarku. Hunturu ya kama, waɗansunsu ko bargo ba su da shi.